Faifai Shida da Buhun Albasa

Akwai wata tafiya daga Wurno zuwa Rabah da ba na jin za ta taɓa fita daga raina, ko da tsufa ya kwashe sauran abubuwan da na sani. Tafiyar ba ta da nisa, ba a yi haɗari ba, ko taya ba ta fashe ba. Amma yau fiye da shekara ashirin ke nan, duk lokacin da na shaƙi warin albasa a cikin mota sai kunya ta taso mini sabuwa, dariya na biye da ita.

A lokacin ina sabon malamin gona a aikin noman rani na madatsar ruwan Goronyo. Ban daɗe da barin jami'a ba, kuma ina ganin girman kaina fiye da yadda kowa ke gani. Na sayi mota 'yar Kwatano mai rediyon kaset, sai na ga kaset ya yi wa matsayina kaɗan. Na je Sakkwato na sayo na'urar da ake yayi, wadda ake kira canja: wani ɗan akwatin ƙarfe da ake ɗura wa faifan sidi shida, a ɗaure shi a but, a jawo waya zuwa gaban mota, mutum yana tuƙi yana danna maɓalli yana zaɓar wanda yake so.

Na kai wa wani dattijon rewaya a Goronyo, wanda rabin aikinsa wayarin mota ne, rabi gyaran injin ban-ruwa. Ya jujjuya akwatin a hannu, ya leƙa but, ya ce zai rataye shi can sama, ƙarƙashin allon da ke bayan kujerar baya. Ni kuwa na buɗe littafin bayanin da aka haɗo da shi, na nuna masa hoto, ga akwatin nan a shimfiɗe a daɓen but. Na karanta masa Turancin, na fassara masa, har da ɗan ƙarin da ba ya cikin littafin.

Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Yallaɓai, wanda yar rubuta takardag ga, ya taɓa zuwa Taloka lokacin cirar albasa? But ɗin malamin gona ba nashi na ba. Na jama'a na."

Na ce waɗanda suka ƙera abu sun fi kowa sanin inda ya kamata ya zauna. Bai yi musu ba. Ya huda daɓen, ya ɗaure akwatin da noti huɗu, ya bi da waya ƙarƙashin kafet har zuwa rediyo. Da na danna maɓalli sauti ya fito tas, na dube shi irin duban wanda ya ci gardama.

Sai maganar abin da na ɗura a ciki. Faifai na ɗaya wa'azi ne. Sauran biyar kuwa su ne ainihin abin da nake ji: kiɗan Kwango da na saba da shi a jami'a, waƙoƙin Indiya, da kiɗan 'yan dambe. Na ɗayan na manya ne. Da zarar dattijo ya shigo mota sai in danna shi, in gyara fuska.

Dattijon da na fi yi wa wannan shiri shi ne surukina. Matata tana gidansu a Wurno, ta je wankan haihuwar fari. Arba'in ta wuce, wata biyu ya wuce, aka shiga na uku, babu wanda ya ta da maganar komawarta. Mahaifinta malami ne daga tsohon gidan karatu, mai ƙarancin magana. Ta bakinta na ji cewa hankalinsa bai kwanta da mayar da ita da jikansa kwatas ɗin ma'aikata ba, wai har yanzu bai gama sanina ba. Sau biyu na taɓa ɗaukarsa a motar, sau biyun na danna masa wa'azi, amma ban ga alamar ya sauko ba. Saboda haka da ya aiko in zo in kai shi ɗaurin aure Rabah, na ce wannan ce damata ta uku. Na wanke mota, na sa babbar riga.

Ya zauna a baya shi da ƙanensa. Wanda ya san surukuta a wajenmu ya san yadda zaman yake: ba na ɗaga ido, ba na magana sai an tambaye ni, shi ma in yana da abin faɗa mini sai ya faɗa wa ƙanensa, ƙanen ya miƙo mini, alhali duk muna cikin mota ɗaya. Na danna na ɗaya, na ƙara murya sosai saboda Malam ba ya ji da kyau.

A wani ƙauye na bakin fadama ya ce a tsaya ya gaisa da waɗansu manoma da suka yi karatu a wajensa. Kafin a gama gaisuwa sai ga buhu biyu na albasa an ɗauko, an nufi motata. Da hannuna na buɗe but. Ina tsaye aka jefa na farko gefen akwatin, aka ɗora na biyu a kansa. Kalma uku za su wadatar, in ce a yi hankali. Amma ta yaya suruki zai buɗe baki a gaban surukinsa ya ce wa masu yi masa kyauta su kula da akwatin kiɗa? Ƙarshe ma har na taya su danna murfin.

Mun yi ɗan nisa sai muka hau wani kwalbati da ruwa ya zaizaye bakinsa. Motar ta yi tsalle, buhu ya yi sama ya dawo. Mai wa'azi yana tsakiyar magana a kan riƙon amana sai ya ɗauke. Na ji ƙaras-ƙaras daga baya, sannan jitar Kwango ta ɓarke da irin ƙarfin da na saita wa kunnen dattijo. Na kai hannu a gigice na danna maɓalli, sai wata Ba'indiya ta saki siririyar murya. Na sake dannawa, kalangun 'yan dambe ya amsa. Sai a lokacin na tuna rediyo yana da makunni, na kashe shi. Har yau ina tambayar kaina yadda mai digiri ya manta da wannan.

Ta madubi ina ganin kafaɗun ƙanen Malam suna rawa, ya toshe baki da gefen rawani. Ni kuwa a zuciyata na riga na ƙara wa matata wata uku a Wurno.

Can Malam ya ce wa ƙanensa ya tambaye ni faifai nawa akwatin ke ɗauka. Na ce shida. Ya ce a tambaye ni wa'azi nawa ne a ciki. Na ce ɗaya.

Ya ce, "To, alhamdu lillahi. Sau ukku ina shiga motag ga, sau ukku malamin nan shina tsaye wuri guda. Ni dai na san babu yaron da ka jin wa'azi guda kullum. Sai nic ce, wanga mi shika ɓoyewa? Ashe kiɗi na. Ni na ɗauka abin ya hi haka."

Ya ƙara da cewa ba wai ya yaba kiɗan ba ne, kuma kada a buga wa jikansa shi, amma mutumin da ka san aibinsa ya fi daɗin zama da wanda ba ka ga nasa ba. Haka muka isa Rabah, aka ɗaura aure. Da muka dawo Wurno da la'asar, ya sauka, ya tsaya a ƙofar zaure ya ce wa ƙanensa, "Hwaɗa mai shi taho ran Jumma'a. Shi taho da but babu komi, kayan ɗiyar nan na da yawa."

Washegari na koma wajen rewaya. Ƙafar akwatin ta lanƙwashe, albasa ta dagargaje a jikinsa. Ya kwance notin huɗun, ya goge, ya miƙar, ya rataye shi a inda ya faɗa tun farko. Bai tuna mini da komai ba. Ya dai sunsuni hannunsa ya tambaye ni ko ta Wurno ce ko ta Taloka.

Abu biyu na koya, kuma na biyun ya fi yi mini wuya. Na farko, littafi ya san na'ura, amma wanda ya tsufa a wuri shi ya san abin da za a jefa a but. Na biyu, wata uku na yi ina gyara fuska don dattijo ya yarda da ni, ashe gyaran fuskar ne ya hana shi yarda. Tun daga ranar, in na kama kaina ina shirya wa wani faifai na ɗaya, sai in tambayi kaina abin da nake ɓoyewa a sauran biyar, da ko ya kai a ɓoye shi.