Dadkarim Mai Duban Teku

A ƙauyenmu na gaɓar tekun Makran ba wanda ya taɓa ganin Dadkarim a cikin jirgi. Tun kafin a kwance igiya yake fara amai. Shi ya sa tun yana saurayi aka bar masa dutsen bayan masallaci. Kullum sai ya hau da sassafe, ya zuba wa teku ido, in ya hango inda ruwa ya yi duhu yana motsi, alamar taron kifi, ya ɗaga rawani ya kwarara ihu, masunta su tura jirage. Da yamma a ware masa kasonsa na kifi. Haka ya tsufa yana kallon ƙyallin rana a kan ruwa, har ƙyallin ya cinye masa ido.

Ba wanda ya sani sai matarsa Mahikan. Da yanar ido ta rufe masa gani, sai ta tsiro da kai masa shayi da dabino kan dutse. Ta zauna gefensa tana magana ƙasa-ƙasa: "Hagu ya yi sumul kamar an zuba mai. Gaba kaɗan ya yi duhu." Shi zai auna, shi zai yi ihun. Matan gari suna tsokanarta, wai tsohuwa ta koma amarya. Gwiwoyinta ne kaɗai suka san gaskiya. Ta gaji da dutsen nan, gajiyar da barci ba ya warewa. Amma in asiri ya tonu, dutsen ya tafi, sunan mijinta ya bi shi.

Wata Juma'a bayan an sauko masallaci, maza na zaune a rumfar gyaran taru, sai Shambe, mai babban jirgin garin, ya ciro waya ya kira Dadkarim.

"Kawu, zo ka ga gonarka daga sama! Tauraron ɗan'adam ne ya ɗauko hoton. Ji ruwa duk ya yamutse kamar goshinka. Wai me ya sa haka?"

Aka kwashe da dariya. Dadkarim ya karɓi wayar da hannu biyu, ya jima yana gyara murya.

"Kai, yaron nan, wannan ma sai an tambaya? Inda iska ta taɓa ruwa sai ya tattare, hasken rana ya watse. Inda ya kwanta luf, sai ya maido da hasken kamar madubi. Ka ga nan?" Ya nuna da yatsa. "Wannan layin igiyar ruwa ta ƙarƙashi ce ke jan sa. Ga wani nan kuma."

Bayanin ba kuskure. Sai dai wayar ta daɗe da ɗauke haskenta. Baƙin gilashi yake nunawa, kowa yana kallo. Ko tari ba wanda ya yi. Shambe ya karɓi abarsa a hankali, ya ce, "Haka ne, Kawu. Allah ya ƙara lafiya." Mahikan, da ta zo raka shi gida, tana tsaye daga nesa, ta ga komai.

Washegari da asuba ya fara laluben rawani.

"Maigida, zauna," in ji ta. "Sun sani."

"Na ji a jikina. Shirunsu ya yi yawa."

Ya zauna bakin ƙofa. Ta miƙe ƙafafu, ta ji daɗin hutun, ta kuma ji haushin kanta da ta ji daɗin. Can da rana ta ɗaga ya juyo wajenta.

"Yaya ruwan yake yau?"

Ta ɗaga kai. Katangar maƙwabci ce kawai a gabanta.

"Daga nan ni ma ba na ganinsa."