Ranar da Na Kai Jitata Gayya

Shekarun baya, a farkon dawowar mulkin farar hula, lokacin da duk majalisar da ka zauna maganar shari'a ake yi, ni abin da ya dame ni daban ne. Abokan kiɗa nake nema. Ina da 'yar rumfar gyaran rediyo a Rano, ina kuma da jita mai amfani da lantarki da na taho da ita daga Jos, inda na koyi aiki. Maigidana na can shi ya saba min da kiɗan Turawan nan mai ƙara da ake kira rok. Ba na jin abin da suke faɗa, amma da jitar ta yi kuka sai tsikar jikina ta tashi. Na ɗan koyi kamun igiya uku zuwa huɗu, na dawo gida ina jin duk yankinmu babu wanda ya kai ni. Kuma gaskiya ne babu, tunda ni kaɗai ne mai jita.

To shi wannan kiɗan ba na mutum ɗaya ba ne, sai da mai ganga da mai waƙa. Na samu kwali na rubuta "Ana neman makaɗan rok", na rataye a rumfa. Sati uku babu wanda ya tanka, sai wani da ya tambaye ni ko sabon maganin ƙwari ne. Mahaifiyata ta ce in faɗa mata ma'anar kalmar, na ce da Turanci dutse ke nan. Ta yi dariya har tana riƙe ciki.

"Kiɗan dutse? Ai mu muka san shi, ɗan nan. Gobe ka zo in ba ka dawa ka niƙa, ka yi ta waƙarka."

Wanda ya fara amsa min bai ma iya karatun boko ba. Wani dattijo ne daga Lausu ya kawo gyaran rediyo, ya ce me aka rubuta a kwalin nan. Da na gaya masa sai ya gyara zama. Ashe makaɗin kalangu ne. Ya ce tunda aka fara maganar hana kiɗa mutane suka daina gayyatarsa biki don gudun surutu, kalangunsa ya fi shekara a rataye.

"Hannuna ƙaiƙayi yake yi, ɗan Malam. Kunna min in ji irin naku."

Na saka masa kaset. Ya runtse ido yana saurare har aka gama, sannan ya ce, "Wannan mai gangar kamar biyo shi aka yi. Amma zan iya."

Na biyu abokina ne, malamin firamare a Kibiya, mai murya kamar ya haɗiyi lasifika. Shi ya ce zai yi waƙa, da sharaɗin kada hedimasta ya ji.

Muka riƙa haɗuwa bayan la'asar a gonar dattijon, ƙarƙashin wata tsamiya, da batirin mota da lasifikar da na haɗa da kaina. Ranar farko abin ba ya jiwuwa. Ni ina gabas, kalangu yana yamma, abokina yana tsakiya yana ihu. Dattijon ya ɗaga hannu ya tsayar da mu.

"Ɗan Malam, kiɗa kake yi ko faɗa kake da igiyar? Ajiye hannunka tukuna ka saurare ni."

Na ji haushi, don a tunanina ni ne shugaba. Amma na yi shiru na saurara. Sai da muka yi kusan wata guda kafin na gane inda kalangu yake numfasawa, in shiga nan, in fita kafin ya dawo. Abokina kuma ya watsar da Turancin da yake ƙoƙarin kwaikwaya, ya shirya mana waƙa a kan noma, don ita ce ta hau kiɗan dattijon.

Ba a daɗe ba labari ya kai kunnen mahaifina. Malami ne, yana da makaranta a ƙofar gida, kuma ana jin maganarsa a unguwa. Wasu suka je suka ce masa ɗansa yana tara mutane a daji ana kiɗan Turawa, a irin wannan lokaci. Wata rana da hantsi ya kira ni zaure, ya ce in kawo kayan duka da mutanen da muke yi tare. Na aika aka kira su. Na san in ya ce a ƙone jitar zan ƙone ta, kuma na san zan daɗe ban warke ba. Abokina yana tsoron aikinsa. Dattijon ne kawai ya shigo hankalinsa kwance, ya durƙusa ya ce, "Allah gafarta Malam, laifin kowa a nan bai kai nawa ba, ni ne babba."

Mahaifina ya ce ba kiɗa yake son ji ba, baitocin za a karanta masa. Abokina ya karanta: gero da dawa, zufa da fartanya, manomin da ke fita gona kafin rana ta ɗaga. Mahaifina ya saurara har ƙarshe. Sannan ya kafa mana doka: babu gidan biki, babu inda maza da mata ke cakuɗuwa, babu wasa 'yan siyasa, kuma da an kira salla a ajiye komai.

"Ranar Asabar akwai gayya a Unguwar Gai," in ji shi. "Wani tsohon ɗalibina ya karye a ƙafa, ciyawa na neman cinye masa gero. Makaɗan gayya sun ƙi fita. In kiɗan naku yana da amfani, ku je can ku nuna."

Asabar da sassafe muka ɗora batir da lasifika a amalanke. Muka tarar manoma sun yi layi a bakin gona, kowa da fartanyarsa, suna kallonmu kamar mun zo daga wata duniya. Mai gonar yana zaune a tabarma, ƙafa a ɗaure da karare. Muka ɗaure lasifika a reshen ɗorawa. Da na ja igiya ta farko, wani jaki da ke ɗaure a gefe ya tsinke igiyarsa ya yanki daji. Gona ta kaure da dariya, ni kuwa na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Dattijon bai bari dariyar ta huce ba. Ya matse kalangu a hammata ya fara kiran mazan da takensu, ɗaya bayan ɗaya, don ya san kakannin yawancinsu. Duk wanda ya ji nasa sai ya yi kururuwa ya duƙa. Abokina ya ɗauki waƙa, ni kuma na jira gurbina na shiga. Wallahi ban taɓa jin jitar nan ta yi daɗi irin na ranar ba. Samari suka shiga tsere, dattawa suka ƙi yarda a bar su a baya. In na sa jitar ta yi dogon kukan nan, sai ka ga fartanyu sun tashi sama gaba ɗaya sun sauka tare.

Saura kunya kaɗan a gama, batir ya mutu. Jita ta yi tsit. Na tsaya riƙe da ita kamar wanda aka ba ajiyar muciya. Sai wani daga cikin layin ya ɗago ya yi kukan jitar da bakinsa, "Wiiiyaw, wiiiyaw!" Na kusa da shi ya amsa, kafin ka ce me duk gonar ta ɗauka. Haka aka ƙarasa noman, kalangu na tafiya, ƙarti na kukan jita da baki, mai gona yana dariya yana share hawaye da hannun riga. Kafin azahar an gama, aka kawo fura daga cikin gida muka sha har muka kasa tashi.

Da na koma gida mahaifina ya riga ya ji labari. Ya ce, "An ce ƙarar ta yi yawa." Na sunkuyar da kai. Ya juya shafin littafinsa ya ce, "Amma an gama gonar."

Damina uku muka yi muna bin gayya. Ba mu taɓa hawa dandamali ba, ba mu taɓa yin kaset ba. Daga baya aka yi wa abokina canjin wurin aiki, dattijon kuma Allah ya yi masa rasuwa, Allah ya jiƙansa. In na tuna yanzu, nakan yi wa kaina dariya. Na fita neman waɗanda za su bi ni a baya, sai na samu wanda ya koya min yin shiru in saurari na kusa da ni, kuma wannan ya yi min amfani a aure da sana'a fiye da yadda ya yi min a kiɗa.

Kwanakin baya na shiga kasuwa a Kibiya, wani mutum mai furfura ya tsaya yana ta kallona. Na gaishe shi, na ga yana laluben sunana ya rasa. Sai kawai ya ajiye buhun da ke kansa, ya nuna ni da yatsa a tsakiyar mutane, ya buɗe baki ya ce, "Wiiiyaw!"