Fuskar Inna

Ni ɗan fari ne, kuma a gidanmu na Kazaure wannan ba ƙaramar magana ba ce. Tun da na yi wayo ban taɓa jin mahaifiyata, Inna, ta kira sunana ba. Idan tana son a miƙo mata abu, kuma ni kaɗai ne a tsakar gida, sai ta fuskanci bango ta ce a gaya wa mutane su kawo ludayi. Ni ne mutanen. Da aka haifi ƙannena sai ta samu sauƙi, na koma "yayanku". Ana yaye ni kakata ta ɗauke ni, na dawo gida da girmana na tarar da doka a shimfiɗe: ita ba ta kallona, ni ba na kallonta. In durƙusa daga bakin ƙofa in gaishe ta idona a kan tabarma, ta amsa tana kallon wani wuri daban. Ba wanda ya zaunar da ni ya koya mini hakan, kuma ban taɓa jin an ƙware ni ba. Tsokar naman da ta fi girma a kwanona nake samunta, ba tare da an ce ga wanda ya sa ba.

Zane ne ya kawo ni Dubai. Ina aiki a wani kamfanin talla, ina haɗa musu hotunan gidaje da kwalaben turare a kwamfuta. Shugabar sashenmu kullum ƙorafinta ɗaya, wai launukana suna da ihu. Ita ruwan toka take so, da ruwan madara, da wani fari-fari marar jini a jika. Ina yi mata abin da take so don ita ke sa hannu a takardar hutu, amma a raina cewa nake, a garinmu zanin da ba a hango shi daga ƙarshen layi ba ai ba a ɗaura komai ba.

Nawa zanen na kaina a ƙarshen mako nake yin sa, a kan kwamfutar hannu da alƙalaminta. Ranar Asabar in bar masaukinmu na Al Muraqqabat, in hau abra, ƙaramin jirgin ruwan da ke tsallakar da mutane zuwa Bur Dubai, in samu gefen kasuwar yadi in zauna. A nan nake zuba ja wur da kore shar da ruwan ɗorawa yadda raina yake so, ba mai ce mini ya yi yawa. Fuskoki nake zanawa. Na zana matuƙin abra mai tawadar Allah a ƙarƙashin ido, na zana tsohon da ke auna yadi yana gyangyaɗi, na zana masu dakon da ke shan shayi a tsaye. Idan na kalli mutum sau ɗaya da kyau, to na tafi da fuskarsa ke nan. Da wannan nake taƙama, har nakan faɗa a gaban mutane.

Zanen kwamfuta hawa-hawa ake yin sa. Bango yana hawansa, tufafi suna nasu, fuska tana nata, kowanne kana iya kashe shi ko ka kunna ba tare da ka taɓa sauran ba. In ka yi kuskure, yatsu biyu za ka ɗora a kan gilashin, kuskuren ya koma kamar ba a yi ba. Abin yana da daɗi, amma yana sangarta mutum. Sai ka saba da cewa komai ana iya komawa a gyara.

Shekarar da ƙafafun Inna suka fara kumburi, likita ya ce zuciya ce, autarmu ce ke jinyarta. Yarinya ce mai baki, ita kaɗai ke hawa gadon Inna ta yi ɗai-ɗai. Wata rana ta turo mini saƙon murya tana tsiya: wai ina ta zana tsofaffin wasu ƙasashe ina sa wa duniya ta gani, amma tsohuwar da ta haife ni ko a kuskure ban taɓa zana ta ba. Na yi dariya na ce aikin Asabar ɗaya ne.

Na fara da zaninta na sallah, atamfa mai ganyen kore a kan ruwan ɗorawa. Hannuna ya san zanin nan kamar ni na saƙa shi, har inda ya koɗe wajen ɗauri. Na sa mata mayafinta shuɗi. Na zana hannuwanta, da lallen da ya yi duhu a kan farce, da tabon ƙunar man ƙosai a gindin babban yatsa. Na zana ƙafafunta da fason dunduniya, da ɗan yatsan da ya hau kan ɗan'uwansa. Ban nemi hoto ko ɗaya ba, duk suna cikin kaina. Daga nan na buɗe sabon hawa na rubuta masa suna, fuska, na ɗora alƙalami.

Babu abin da ya zo. Na zauna har shayina ya huce, ina neman hancin mahaifiyata a cikin kaina ban same shi ba. Dogo ne ko gajere? Girarta a haɗe take? Na san tana da wushirya don na ji ana faɗa, amma ban tuna ranar da na gan ta da idona ba. Ni da nake riƙe fuskar matuƙin jirgin da ban san ko sunansa ba. Tsoro ya kama ni, tsoro na gaske, har na kife kwamfutar a kan katifa.

Auta ta turo mini duk hotunan da ta samu. A na bikin ƙanina Inna ta juya tana yi wa wata magana. A na suna ta ja mayafi ta rufe baki. A wani ma bayanta kawai aka samu, tana tserewa ɗaki. Na katin ɗan ƙasa ne kaɗai ta fuskanci mai ɗauka, shi kuma ya dushe, wata mata ce kawai da haske ya firgita. Sai na yi dabarar masu sana'a: na ari fuskar auta, na zurfafa idanu, na rage kumatu, na ja layukan tsufa. Tsohuwa ta fito kyakkyawa, launin fatarta ma sai da na yaba wa kaina. Na tura. Auta ta amsa da cewa wannan ai ƙanwar babanmu na zana. Na ɗora yatsu biyu na goge.

Kowace Lahadi bayan la'asar muke waya ta bidiyo, lokacin can gida rana ta take. Auta takan kai wayar ɗakin Inna ta ajiye a kan tabarma tana kallon sama. Abin da nake gani shi ne silin, da fanka, da wani tabon yoyo a kusurwa. In yi gaisuwa, muryar Inna ta fito daga gefe tana cewa auta ta tambayi yayansu ya aiki, ya zafin garin. In ba da amsa, auta ta maimaita mata kamar ba ta ji ba. Haka muke yi tun zuwana, ban taɓa ganin aibun abin ba sai da zanen nan ya tsaya mini.

Abokin zamana a ɗaki mutumin Kumasi ne, ɗan zangon Hausawa, yana gadi a wani babban kanti. Ya girme ni, kuma ba ya ɓoye abin da ke bakinsa. Shi idan yana waya da mahaifiyarsa har rawa suke yi wa juna. Duk Lahadi sai ya leƙo ta kafaɗata ya tambaye ni ya jikin fanka, ya ce in gaishe masa da ita. Rannan na gaya wa auta tsiyar da yake mini, ina dariya. Ita ba ta yi dariya ba. Ta ce ai ni ne nake kallon fanka, Inna ba fanka take kallo ba. Ashe da zarar an ajiye wayar a kan tabarma sai Inna ta matso daidai inda ba zan gan ta ba, ta sunkuya tana kallona har a gama. Ita ce ta fara lura na rame. Ita ce ta ce gemun da na tara bai yi mini kyau ba, auta ta faɗa mini a matsayin ra'ayinta.

Ranar ban iya cin abinci ba. Daɗi ne ko baƙin ciki, har yau ban raba ba. Da na ba abokin zamana labari sai ya ajiye cokalinsa.

"Ɗan'uwa, tsohuwa tana da rai, kana da ido, kana da waya. Yalla, maza ka ce a juya wayar. Khalas."

Shi a wurinsa magana ta ƙare. Ni kuwa sai da na yi makonni ina juya ta kafin na iya roƙon auta ta isar. Ban ce ina son ganin Inna ba, bakina ba zai iya ba. Cewa na yi aikin zane ne yake buƙata. Amsar ta dawo da sauri: wai yayanku ya zauna cikin baƙi ya zubar da kunyarsa a teku. Auta ta ce da murmushi ta faɗa, amma dai ta faɗa, kuma Lahadin da ta biyo baya fanka na gani.

Jiki ya ci gaba da tsanani. Na nemi hutu, aka ce in bari a gama aikin wani babban gini da ke hannunmu. Raina ya ɓaci, na yi maganganun da ba a yi wa shugaba, aka dai sa mini rana a gaba. Na sayi tikiti. Na saya mata atamfa a Bur Dubai, mai ja da ruwan goro, na san za ta ce a ba auta. Na riƙa gaya wa kaina cewa in na je zan zauna a ɗakinta, ko satar kallo ne in yi, tunda sata ce sana'ar mai zane.

Wata Lahadi auta ta kira tun kafin lokaci. Muryarta a sanyaye. Ta ce Inna ba ta iya zama yau, a kwance take, kuma ita da kanta ta ce a kira. Ina jin numfashinta daga gefe, sama-sama. Sai na ji ta ce, a hankali, "Juya masa."

Hoton ya motsa. Silin ya wuce, bango ya wuce, labule, kan gado, matashi, gefen ɗankwali. Ban san lokacin da na sauko daga katifa ba. Na dai tsinci kaina a durƙushe a kan tayil, wayar a hannuna na miƙa ta gaba, kaina a ƙasa. Wuyana ya yi abin da ya saba yi tun ina yaro, bai yi shawara da ni ba. Na ce Inna ina wuni, ya jiki.

"Da sauƙi. Kana cin abinci kuwa?"

Da ni take. Ba auta ba, ba bango ba, ba mutane ba. Tun da aka haife ni ban taɓa jin ta ce mini "ka" ba sai ranar. Idona ya kawo ruwa, sai ɗagowar ta ƙara yi mini nauyi, don yanzu ga hawaye kuma. Na ce ina ci. Na ce a raina bari in share fuska tukuna, bari ta gama wannan maganar, yanzu zan ɗago. Ta ce in riƙe ƙannena. Ta ce Allah ya yi mini albarka, ya tsare ni a ƙasar mutane. Ina ta amin, ina kallon layin da ya raba tayil biyu. Da na ɗago, fuskar auta ce a gilashin, tana ce mini Inna ta gaji, sai wani lokacin.

Abokin zamana yana tsaye a bakin ƙofa da kayan aikinsa. Ya tambaye ni ko na danna na ajiye hoton, tunda ni ko kyanwa na gani a hanya sai na ɗauka. Na girgiza kai. Ya dafa kafaɗata ya fita.

Ba a yi wani lokacin ba. Cikin makon, da hantsi, ina ofis ina rage wa sararin samaniyar wani talla shuɗi, ƙanina ya kira ya ce Inna ta cika. Kafin in koma ɗaki in haɗa kaya an yi mata sutura an kai ta. Hutun da aka hana ni aka ba ni a take. Na isa Kazaure na tarar da tabarmi a ƙofar gida, mutane suna ba ni haƙuri, tsofaffin mata suna cewa ba su taɓa ganin uwa da ɗa masu kunyar juna irinmu ba. Yabo suke yi, na sani, na kuma karɓa.

Zanen yana nan a kwamfutata. Nakan buɗe shi in ƙara wa koren zanin haske, in gyara inuwar mayafi, in sake duba tabon yatsa. Duk wanda ya gani sai ya ce launukan sun yi kyau, sannan ya tambayi yaushe zan ƙarasa. Na ci gaba da zana fuskokin mutane a kasuwar yadi, amma na daina cewa kallo ɗaya ya ishe ni.

Bayan watanni na sake buɗe hawan fuska da niyyar in gwada ko da kwatance ne. Na kira auta na ce ta bar maganar hanci da gira, ta gaya mini kawai yadda fuskar Inna take a ranar nan, lokacin da aka juya mini wayar. Sai ta ce:

"Murmushi take yi, Yaya. Sai da ta sa na gyara mata ɗankwali kafin in kira ka. Ta daɗe tana jira ka ɗago."