Jitar Kawu Sale

Duk wanda ya san Kawu Sale ya san "saura ƙiris". Ka kai masa injin ban-ruwa gyara, saura ƙiris. Ka kira shi cin tuwo, saura ƙiris. Amma ƙiris ɗin da ya fi kowanne daɗewa shi ne na jitar nan tasa ta lantarki, 'yar araha, ja jawur, wadda ya jajibo a Kano ran da ya je sayen kayan inji.

Ba don ya zama mawaƙi ya saye ta ba fa. Kakanmu makaɗin garaya ne, garayar kuma gara ta cinye ta bayan rasuwarsa. Inna, mahaifiyata, wato yayar Kawu, ta taɓa cewa ita dai da za ta ƙara jin muryar garayar Baba ko sau ɗaya, da ta more. Shi ke nan fa, Kawu ya ɗaura aniya: sai jitar nan ta yi kukan garayar Baba.

Farkon abin da ya yi, ya tsinke tsirkiya huɗu cikin shida. Na ce, "Kawu, wanda ya ƙera ta shida ya sa."

"Shi ya san dalilinsa. Baba da biyu ya tashi Bunkure tsaye."

Biyun da suka rage ma da suka tsinke bai sayi sabbi ba. Wayar birkin babur ya warware ya ɗaura. Ya kaɗa wa Inna. Ta saurara, ta ce, "Sale, wannan ai kukan akuya ne a rijiya."

"Saura ƙiris, Yaya."

Sai kuma ƙugin sifikar jitar, zuuu, ba tsayawa. Wani ya ce masa sai an haɗa waya da ƙasa mai damshi. To ina ƙasa mai damshi in ba gona ba? Kawu ya kafa rodi a bakin kwalbati, ya ɗaura waya, ya ɗauko batirin mota a baro. Ƙugi kuwa ya ɗauke ɗif! Sai dai jitar ta zama kamar shinkafa: ran da aka sako ruwa ta yi magana, ran da aka rufe ta koma gunaguni. Mutane har tambayarsa suke, "Sale, yau jita ta sha ruwa?"

A nan ne ya samu gayyatarsa ta farko. Alhaji Tanko, maƙwabcinsa a gona, ya zo da ladabi ya ce, "Malam Sale, don Allah gobe ka zo wajena ka kaɗa."

Kawu ya gyara hula. "Biki ne, Alhaji?"

"A'a, tsuntsaye ne. Tun da ka fara, ko jan-baki ɗaya bai sauka a shinkafarka ba."

Wallahi ya je! Ya dawo yana cewa ai su ma masu sauraro ne, kunya ce ta hana su zama.

Shekaru aka kwashe ana haka. Ya goge ƙarafan wuyanta da zarto, ya manna mata fatar akuya, ya yanka gwangwanin tumatir ya yi mata 'yan zobba masu kacau-kacau. Kowane gyara sai ya kai wa Inna, kowane karo ta girgiza kai. Mu muna dariya, ita kuwa tana ta tsufa, har ƙafa ta hana ta fita.

Wata la'asar ya turo baronsa har ƙofar ɗakinta, ya tuttula ruwan buta a ƙasa, ya soka rodi. Ya jona waya, shiru. Batiri ya mutu murus. Don haushi ya zauna yana ɗan taɓa tsirkiyar haka nan, ba sifika ba komai, sai wata 'yar siririyar murya da kacau-kacau ɗin gwangwani.

Inna ta ɗago kai. "Sale, tsaya. Sake yi."

Ya sake. Sai ga hawaye a idon Inna. "Ita ce. Wallahi ita ce."

Kawu ya dubi batiri, ya dubi sifikar da ya yi shekaru yana turawa, ya goge ido da hannun riga. "A'a, Yaya," ya ce, "saura ƙiris."

Kafin a yanke shinkafar shekarar Kawu ya riga Inna tafiya gidan gaskiya. Jitar tana rataye a ɗakin Inna, ba ta bari kowa ya gyara mata komai. Ni kam ina kewarsa ƙwarai.

Allah ya jiƙan Kawu Sale, ya yafe masa, ya cika masa ɗan ƙiris ɗin da ya saura da rahamarsa.