Hannuwan Mai Gyaran Firji

Tattara ake ce mata, sunan yanka kuwa ya ɓata tun tana amarya. Ƙarfinta duk a sharar ofisoshi ya ƙare, kuma ba ta taɓa yarda wani abu ya watse a gabanta ba. Kofi ya fashe, ta liƙe shi da gam. Guntayen sabulu ta dunƙule su. Mace ce da in ruwa ya zube, shi ma sai ya sha faɗa.

Mijinta mai gyaran firji ne, ƙaramar murya, manyan hannuwa, da wani tsohon tabon ƙuna a babban yatsa. Yakan ce, "Uwar Auta, ba a yin sanyi, zafi ake kora. Taɓa bayan firjin nan ki ji inda ya tafi."

"Kai dai tsince kusoshinka daga tsakar ɗakina," in ji ta.

Autar tasu ta yi karatun zane, irin wanda ake kashe shekaru a fito ana jera tarkace a ce jama'a su zo kallo. Da uban ya kwanta ciwon ajali, ta dama farar ƙasa ta lulluɓe hannuwansa har wuyan hannu, ta ɗauki siffarsu. Bayan rasuwarsa ta narka kakin kyandir ta zuba a ciki, ta fasa ƙasar. Sai ga hannuwan malam, har jijiyoyi, har tabon. Babu na biyu, don abin zubin ya zama gari.

A wani farin zaure na baje kolin zane ta ajiye su bisa faranti, ta rataya ƙwan lantarki mai zafi a samansu.

"Ke, za su narke!" in ji Tattara.

"Aikin ke nan, Inna. Duk abin da aka haɗa, rabuwa ya nufa. Zafi daga mai ɗumi yake zuwa ga mai sanyi, ba ya juyowa. So nake mutane su ga Baba yana tafiya."

"Tafiyar da ya yi sau ɗaya ba ta ishe ki ba, 'yar nema?"

Washegari da safe Tattara ta zo zauren da tsintsiyarta. Mace da tsintsiya, wa ke tambayarta? Maigadi ma har da "sannu da aiki, Baba." Ta tarar ɗan yatsan ƙarshe ya sunkuya, kaki ya daskare a faranti kamar hawaye. Ta kankare da cokali, ta murza a tafinta har ya yi laushi, ta mayar da shi inda ya fito. Gobe ma haka, jibi ma haka.

'Yan kallo suka soma raɗe-raɗi: fitila na ci, hannu bai ƙarewa. Wata mata ta rantse yatsun jiya ba haka suke ba. Maigadi ya daina shiga zauren shi kaɗai.

Ita kuwa Tattara hannuwanta suka ɗauki sanyi. Ta riƙe kofin shayi, kafin ta kai baki ya huce. Jikarta ta ƙi yarda ta yi mata wanka, wai hannun Kaka kamar ƙarfen gado. Kakin kuma kullum ƙara saurin laushi yake, kamar ya san ta. Wata safiya ta taɓa shi tun ba a kunna fitila ba, ta ji shi da ɗumi, irin na mai barci.

A haka Auta ta same ta, cokali a hannu. Yarinyar ta matso. Ta daɗe tana duban farantin.

"Inna, ina tabon Baba?"

"Yana nan mana."

Babu shi. Yatsun sun sirance, sun gajarce, farata sun cinye irin na mai wanke-wanke, ɗan yatsan ƙarshe ya karkace. Auta ta kamo hannun uwar ta ajiye kusa da su. Hannuwa huɗu, duk na mutum ɗaya.

"Da kin bar shi, Inna, da yau akwai sauran wuyan hannunsa."

Tattara ta sunkuya kan farantin. Ta juya kakin ta ko'ina tana neman ko jijiya ɗaya tasa. Duk ta shafe su da yatsunta.

Da kanta ta miƙa hannu ta kunna fitilar. Ta jawo kujerar maigadi ta zauna, ta cusa hannuwanta a hammata. Ɗigo na farko ya gangaro daga karkataccen yatsan, ya wuce bakin faranti, ya faɗa ƙasa. Tsintsiya na jingine a gefenta. Ta dube ta, ta dubi ɗigon, ba ta tashi ba.

Har yau shayi ba ya kai mata baki da zafi.