Ranar da Ebenezer Ya Yarda Ya Faɗi Gwaji

Daga Nasarawa har Kakuri babu wanda bai san cewa taubashina Ebenezer bai taɓa faɗuwa gwajin likita ba. Ba a buga a jarida ba, shi da kansa ne jaridar. Ko barkono ka je saya ka yi karo da shi, kafin mai barkono ta ƙulle leda ka ji cewa sau ashirin da ɗaya likitocin masaƙa suka juya shi ciki da bai, suka rasa abin rubutawa, har wani daga cikinsu ya nemi ya ba shi sirrin.

A shekarar 1984 ya sauka Kaduna daga wani ƙauye na bayan Akwanga, da wando ɗaya da rabi, don na biyun gajere ne. Ya samu aiki a wata masaƙa a Kakuri, yana share ƙurar auduga. Bai shekara uku ba aka gane yana da kunne. Injinan saƙa ɗari biyu na ruri a zaure ɗaya, mutum ba ya jin muryar kansa, amma Ebenezer sai ya karkata kai ya ce, "Na layi na shida, na huɗu daga bango, yana ɗingishi." A je a duba, haka ne. Da wannan kunnen ya zama makanikin injin, ya auri Janet, ya yi 'ya'ya biyar, ya gina ɗaki uku a Nasarawa.

To, a masaƙar nan akwai abin da ma'aikata ke tsoro fiye da gobara, wato medikal, gwajin likita na shekara-shekara. Wanda aka samu da hawan jini ko ƙirji mai kuka, sai a ɗauke shi daga kan injin, wani ma a ce ya je gida ya huta, hutun da ba a dawowa. Saboda haka da an kafa sanarwa a allo, kowa sai ya shiga abin da suke kira shiri. Kwana uku ba gishiri, ba burkutu, sai zoɓo marar sukari, ruwan shuwaka da tafarnuwa ɗanya. A makon medikal masu sayar da gishiri a kasuwar Kakuri ƙauye suke tafiya ganin gida, warin tafarnuwa kuwa sai ya tsallake kogi ya gaishe da mutanen Tudun Wada. A wurin mutanen nan likita ba mai magani ba ne, mai jarrabawa ne, kuma ɗan halak ba ya shiga jarrabawa bai yi karatu ba.

Da masaƙar ta rufe, Ebenezer bai zauna kuka ba. Ya kafa benci a bakin kasuwa yana gyaran keken ɗinki, kullum a kan tsohon kekensa na hawa yake zuwa, gumi ko ɗigo babu, in ji shi.

Daminar bara ce takalmansa suka fara yi masa gardama. Ƙafafu suka kumbura kamar an hura. Hanyar da yake cinyewa a numfashi ɗaya ta koma sai ya tsaya sau uku. Don kada a gane, duk inda numfashi ya ƙare sai ya sauka ya hau gaishe-gaishe, har da mutanen da bai taɓa gani ba. Wani mai faci ya sha tambayar lafiyar iyalinsa har ya fara zargin ko surukinsa ne.

Janet ba ta yi musu da shi ba, ta san mijinta. Wata Talata ta ce gwiwarta na damunta, ya raka ta asibiti. Yana zaune a benci yana ba wani tsoho labarin sau ashirin da ɗaya, sai ya ji an kira sunansa. Ashe katin nasa ne.

Likitan, Dakta Bashir, saurayi ne mai sanyin magana. Ya kwantar da shi a gefen hagu, ya shafa masa wani mai sanyi ƙarara a ƙirji, ya riƙa yawo da kan na'ura yana kallon allo. Da ya gama ya ce, "Baba, zuciya tana da ƙofofi. Ɗaya daga cikin naka ba ta rufuwa sosai, jini yana komawa baya. Yadda hoton nan ya nuna, yoyon ya yi tsanani. Mai yiwuwa sai an yi aiki."

Ebenezer ya tashi zaune. "Likita, wannan gwajin bai halatta ba."

"Don me, Baba?"

"Ba a kafa sanarwa ba. Kwanton ɓauna aka yi mini."

Dakta Bashir ya yi murmushi, ya rubuta masa ƙwayar rage ruwan jiki da ta hawan jini, ɗaya ɗaya kowace safiya. Ya ce zai sa sunansa a jerin waɗanda likitocin fiɗar zuciya za su duba, amma bayan mako shida ya je wani asibiti a ƙetaren kogi a sake hoton da wata na'urar, don a tabbatar.

Mako shida! Ebenezer ya ji kamar an ba shi amsar jarrabawa a hannu. Kai tsaye ya nufi Kudenda wurin Isaac, abokinsa tun zamanin masaƙa, wanda yanzu ke gadin wani kamfani, kuma a zamaninsu shi ne shugaban shiri ba tare da an zaɓe shi ba.

Isaac ya juya kwalin ƙwayar ya ce, "Eben, Allah ya kashe ya ba ka. Mu da muka ci medikal da shuwaka kawai, balle kai da aka ba ka makami? Guda ɗaya tana rage ruwa, ko? To uku fa?"

Saura kwana uku gwaji, Ebenezer ya sanar da Janet cewa ya shiga azumi da addu'a. Ta ji daɗi har ta yi ƙwalla. Shi kuwa ya koma bayan ɗaki yana haɗiyar ƙwaya uku uku, ga tafarnuwa, ga zoɓo kurɓi ɗaya, ruwa kuwa sai dai ya gan shi a randa. Zirga-zirgar da ya yi zuwa ban ɗaki ta isa ta kai mutum Kafanchan a ƙafa, kwatar gidan ta kusa haɗewa da kogin Kaduna. Ranar gwaji ƙafafun sun koma kamar sandar makiyayi. A cikin Keke Napep ya ga gadar ta zama biyu, ya riƙe ƙarfe gam.

Takarda ta fito: yoyon matsakaici ne.

Lahadin nan majami'a ta san an yi abu. Janet ta fito godiya da zumuntar mata, ana buga tulu ana kaɗa caki, ta yi rawa da gwiwar da ta ce tana ciwo. Ebenezer na biye da ita yana ɗaga hannu kamar janar ɗin da ya dawo daga yaƙi. Ashirin da biyu ke nan.

Sai dai Dakta Bashir bai yi rawa ba. Ya jera takardun biyu a kan tebur, ya dubi wannan, ya dubi waccan, ya sosa ƙeya.

"Baba, na'ura da na'ura sukan ɗan saɓa, hannu da hannu ma haka. Amma wannan tazarar ta yi yawa, kamar ba ƙirji ɗaya ba. Nan da mako biyu zan sake da kaina. In ya yi daidai da na biyu, in cire sunanka daga jerin, mu haɗu baɗi. In kuwa na farkon ne gaskiya, baɗi ta yi wa zuciyar nan nisa."

Rabin farko na maganar ne kawai ya shiga kunnen nan mai jin ɗingishin injin. A cire suna, a haɗu baɗi. Kuma kada a ga laifinsa da yawa. Mutumin da ubansa ya shekara tamanin allura ba ta taɓa shi ba, shi ne za a kwantar a buɗe masa ƙirji kamar kazar Kirsimeti? Duk sanda ya tuna, sai sukurdireba ta suɓuce daga hannunsa. Bai gaya wa kowa ba. Kumburin ma ya fara dawowa a ɓoye, ya koma sa dogon wando mai faɗi.

Saura kwana uku, ya sayi tafarnuwa ya koma Kudenda. Ya tarar da Isaac a bakin get yana korar ƙuda da hula.

"Karo na ƙarshe ne, Isaac. Amma wancan karon na ga gada biyu. Kuma wannan likitan yana da ido. Anya ba zai gane ba?"

Isaac ya yi dariya har ya buga cinya. "Ya gane me? Yaron da aka haifa bayan mun fara aiki? Shirinmu bai taɓa ba da kunya ba. Ka manta Kevin na sashen rini? Mutumin da ba ya iya hawa matakala uku? Ni na shirya shi da hannuna. Ranar Talata likita ya buga masa hatimi, lafiya garau. Ko a lokacin ma saura kwana huɗu ya mutu, amma likita bai ga komai ba! Ka ga aiki?"

Isaac ya ci gaba da dariya. Ebenezer bai taya shi ba. Bai manta Kevin ba, ai shi ya riƙe akwatin gawar ta gefen kai, kuma ya tuna matar tana ta nuna wa mutane katin medikal ɗin tana tambaya, to me ya kashe shi? Shekara talatin yana ɗaukar labarin a matsayin ikon Allah. Yau ne ya ji shi daga bakin wanda ya shirya gawar.

"Ina za ka? Ba mu tsara ba tukuna," in ji Isaac da ya ga ya juya zai tafi.

"Ka riƙe tafarnuwar, ka sa a miya," in ji Ebenezer.

A hanyar gida ya tsaya sau huɗu, kuma bai gaishe da kowa ba. Ya tsaya ne kawai yana haki a gaban jama'a. Da ya isa ya sha ruwa moɗa guda, ya ci tuwonsa. Janet ta ce, "Baban Comfort, wannan karon ba azumi?" Ya ce Ubangiji ya riga ya ji.

Ranar gwaji ya haɗiyi ƙwaya ɗaya ɗaya kamar yadda aka rubuta. Dakta Bashir ya nuna masa gado, amma Ebenezer ya tsaya ƙyam, hannu a baya, kamar gaban manaja.

"Likita, kafin ka shafa man nan, ranar wanka ba a ɓoye cibi. Takarda ta biyun nan, satar amsa na yi."

Ya zayyana komai, uku uku, tafarnuwa, randa, gada biyu. Sunan Isaac kawai ya ɓoye, ya ce wani masani ne.

Janet ta miƙe, jakarta ta faɗi. "Azumin? Baban Comfort, azumin nan ƙwaya ce? Na yi rawa gaban Allah da mata tamanin!"

"Maman Comfort, ai rawar ba ta ɓaci ba, ajiya ce."

"Rufe mini baki, tsohon ɗan maguɗi!"

Dakta Bashir ya juya baya, kafaɗunsa na rawa don dariya. Da ya juyo fuskar ta canza. "Baba, ka busar da jikinka, ka kayar da hawan jinin, dole yoyon ya ragu a hoto na ɗan lokaci. Ƙofar kuwa tana nan yadda take. Kuma da ka ƙara kwana ɗaya, da yanzu maganar ƙoda muke yi. Ni ba korar ka zan yi daga aiki ba. Kwanta."

Ya kwanta. Man nan mai sanyi ya sauka, na'ura ta fara fitar da ƙara, fuu-tak, fuu-tak. Ebenezer ya karkata kai yadda ya saba. Bai san karatun allon ba, amma kunnensa ya ji abin da ya ji.

"Likita, kar ka wahalar da kanka. Tana zuba."

"Tana zuba, Baba. Kusan kamar na farko."

Janet ta daina huci, ta matso ta riƙe masa babban yatsan ƙafa, don shi ne kusa da ita. Ebenezer ya kalli silin. Zuciyar da ake magana a kanta tana ta dukan uku uku, amma muryarsa ba ta yi rawa ba.

"To, na faɗi. Sai me?"

"Sai sunanka ya zauna a jerin. Akwai wani hoton da ake zura na'ura ta maƙogwaro, shi ne zai nuna wa masu fiɗa ko gyara za su yi, ko canji, ko su ƙara jira. Za a kira ka a waya."

Likita ya jawo takardar jerin yana duba lambar waya. Ebenezer ya sauko daga gado, ya ɓalla maɓallan rigarsa ɗaya bayan ɗaya, ya leƙa. Sunansa ne na bakwai.

"Lambar wa ke nan?"

"Taka, Baba."

"Goge ta. Sa ta Maman Comfort."

Dakta Bashir ya ɗago kai. Ebenezer ya gyara tsayuwa ya ce, "Yau ina da ƙarfin hali, likita, amma na san kaina. Ranar da za ku kira, in ni na ɗauka, tsaf zan ce muku ba shi ba ne, kun yi kuskuren lamba."

Janet ta karanto lambarta da ƙarfi, sau biyu, likita ya rubuta da biro.