Maman Lawali da Hanyar Tudun Jiratawa

Maman Lawali haifaffen Tibiri ne, amma a Sabon Garin Maraɗi ya yi gemu. Da karen mota ya fara, daga baya ya zama direban wani kamfanin haƙa rijiyoyi, ya sha yawon daji. Da kamfanin ya tashi, ya sayi tsohuwar kat-kat ɗinsu, motar shiga daji, yana ɗauko zogale da tumatir daga Jiratawa zuwa kasuwa. Ba shi da yawan magana, kuma ba ya gudu da mota.

Wata damina gulbi ya yi ambaliya. Da sassafe yayarsa Tsahara ta faɗo gidansa, mayafi a hannu. Mijinta Ilyasu ya kwana a garka, lambunsa na fadamar Jiratawa, wayarsa ba ta shiga, ruwa kuma ya datse hanya.

"Yaya, yau ba mai isa garka," in ji shi. "Amma akwai tudu bayan gari, daga can ana hangen fadama duka."

"To tashi mu tahi."

Hanyar ta amalanke ce, ruwa ya cinye rabinta. Ya rage iskar tayoyi, suka kutsa cikin sabara, ƙaya na kartar jikin mota. A bakin wani kwazazzabo ƙasa ta zabtare, motar ta karkace, taya ɗaya ta tashi sama. Tsahara ta ɗauki salati.

"Kada ki motsa, Yaya."

Ya sauka a hankali, ya saro rassa ya cusa ƙarƙashin taya, ya koma ya ba motar wuta kaɗan-kaɗan. Ta yi gurnani, ta zame, sannan ta haye.

Daga saman tudu ba abin da ake gani sai jan ruwa da kawunan zogale. Bukkar Ilyasu babu ita. Tsahara ta durƙushe.

Can Maman Lawali ya hango hayaƙi a wata gaɓa, gindin mangwaro, ga mutane zaune kusa da injinan ban ruwansu. Ya danna oda. Ɗaya ya miƙe yana kaɗa hula.

"Shi ne! Wallahi shi ne!" Tsahara tana kuka tana dariya. "Dubi, Lawali, shayi ma suke dahwawa!"

Sai lokacin Maman Lawali ya saki oda. Ya zauna a kan rairayi, ya ce alhamdu lillahi, ya daɗe bai tashi ba. Kafin la'asar masu kwalekwale suka fito da su Ilyasu.